Babi na Shida: Wa Ke Riƙe da Tarihin Manhajarku?

Ranar 14 ga Mayun 2025, shugaban hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya tara manema labarai a Abuja, ya yi abin da ba kasafai babban jami'in gwamnati ke yi a ƙasar nan ba. Ya ce an yi kuskure, ya ɗauki laifin a kansa, har ya zubar da hawaye. 'Yan kwanaki kafin nan aka fitar da sakamakon jarrabawar shiga jami'a, kuma cikin ɗalibai kusan miliyan biyu da suka zauna mata, sama da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Iyaye suka yi ca. Da aka koma aka bincika, sai aka tarar da sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157, a Legas da jihohi biyar na kudu maso gabas, ya samu tangarɗa. Dole aka sake kiran yaran nan su zauna wata jarrabawar.

Babu ɗan kutsen da ya shiga, babu wutar da ta tashi. Abin da hukumar ta bayyana shi ne an yi wa manhajar jarrabawar wani gyara, aka ɗora shi a kan wasu daga cikin manyan kwamfutocin da ke riƙe da ita, waɗanda masu sana'ar ke kira saba, aka tsallake wasu. Gyaran yana nan, an rubuta shi, yana aiki. Isar da shi ko'ina ne aka kasa.

Duk wanda ya daɗe a harkar manhaja, da ya ji wannan bayani, kamfanin Knight Capital na Amurka zai faɗo masa a rai. Kamfanin dillancin hannun jari ne, kuma saba takwas ke ɗauke da manhajar cinikinsa a lokacin. Ma'aikacinsu ya ɗora sabuwar manhaja a kan bakwai, ta takwas ta kuɓuce masa, kuma babu wani na biyu da aka sa ya duba bayansa. Da aka buɗe kasuwa safiyar 1 ga Agustan 2012, sabar da aka manta ta tayar da wani tsohon tsari da aka daina amfani da shi tun shekaru da dama amma ba a goge ba, ta yi ta saye da sayarwa babu ƙaƙƙautawa. Cikin minti 45 kamfanin ya yi asarar sama da dala miliyan 400. Bai sake tsayawa da ƙafarsa ba, wani kamfanin ya haɗiye shi a shekarar da ta biyo baya.

Shekara goma sha uku tsakanin abubuwan biyu, da teku a tsakani, amma ciwon ɗaya ne. A wuraren biyu akwai waɗanda suka iya rubuta manhaja. Abin da ya yi ƙaranci shi ne tsarin da zai amsa ƙananan tambayoyi: me aka canza, wa ya canza, wa ya duba, a ina aka ɗora, a ina ba a ɗora ba. Kayan aikin da wannan babi ke magana a kansu, na kula da rayuwar manhaja tun daga ranar da aka fara tunaninta har ranar da za a ajiye ta, waɗanda ake taƙaitawa da ALM, don waɗannan tambayoyi aka yi su.

To, me ya haɗa mutumin unguwar Gidan Igwai ta Sakkwato da wannan?

Shiga unguwar ka duba. Makarantun kuɗi da Islamiyyu suna son iyaye su riƙa duba sakamakon yara a waya. Mai kemis yana son ya san maganin da ya kusa ƙarewa da wanda lokacinsa ya kusa wucewa. Mai shagon kayan masarufi da ke da yara uku a kanta yana son lissafin da ba za a yi masa rufa-rufa a ciki ba. Ba kamfanonin Legas ke yi wa irin waɗannan aiki ba. Matasan gari ne, waɗanda suka fito daga Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko Jami'ar Jihar Sakkwato, ko Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, da waɗanda suka koya a YouTube, da kuma 'yan baya-bayan nan da suka bi ta shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023. Su biyu ko uku za su haɗu, laftof, inbata da batir, teburi ɗaya, aiki ya kankama.

Mu ɗauki misalin irin wannan ƙungiya, mutum uku, da suka gina wa wata makaranta manhajar sakamako. An yi taron miƙawa, an sha lemo, an ɗauki hoto. A idon mai makarantar aiki ya ƙare. A gaskiya ranar ce aikin ya fara. Zangon farko malamin lissafi zai ce gwaji maki 40 ne, ba 30 ba. Zango na biyu za a buɗe sabon aji. Sai a ce a hana yaron da bai biya kuɗin makaranta ba ganin sakamakonsa, sai kuma a ce ban da marayun da makarantar ta ɗauki nauyinsu. Kowace buƙata ta zo ne ta saƙon murya a WhatsApp, wani lokaci bayan sallar isha'i: "Injiniya, don Allah wannan abu da muka yi magana, a gyara shi kafin Litinin." Wane abu? Da wa aka yi maganar? Wanda ya ji saƙon ya gyara a laftof ɗinsa. Abokin aikinsa, da bai san an yi ba, ya gyara wani abu dabam a nasa, ya ɗora, ya shafe aikin na farko. A cikin filash kuwa akwai jakunkuna huɗu: ta ƙarshe, ta ƙarshe sabuwa, ta ƙarshe ta gaske, da wadda aka sa wa sunan wata. Babu wanda zai iya rantsuwa a kan wadda ke aiki a sabar.

Maganin wannan ɓangare na farko ya daɗe da samuwa, kuma kyauta ne. A 2005 Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finland da ya ƙirƙiro Linux, ya rubuta Git don dubban mutanen da ke aiki tare a kan Linux daga ƙasashe daban-daban su daina taka ƙafar juna. Git yana ajiye kowane canji da sunan wanda ya yi shi, da lokacin, da ɗan bayanin dalili, kuma kowane canji a ɗaure yake da wanda ya gabace shi, ta yadda ba za a taɓa na baya ba tare da an gane ba. Mutumin Sakkwato da ya zauna gaban malami bai kamata wannan ya zame masa baƙo ba. Isnadi ne: wa ya faɗa, daga wa ya karɓa, har a kai tushe. Idan yau manhajar ta fara ba yaro na ɗaya matsayi na goma, ba sai an zauna ana zargin juna ba. A bi salsalar, a ga canjin da ya jawo, a koma kan wanda ya gabace shi cikin 'yan mintuna.

Akwai wata siffa ta Git da ta dace da mu fiye da yadda ta dace da waɗanda suka ƙera shi. Kowane laftof yana ɗauke da cikakken tarihin aikin, don haka ana iya ci gaba da aiki babu intanet, sai an samu layi a tura. Wanda ya tuna watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga, ko 14 ga Maris na 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma har bankuna suka rikice, ko Oktoban 2024 da mafi yawan jihohin arewa suka shafe sama da mako guda cikin duhu, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai a riƙa turawa. Tarihin da ke cikin laftof ɗaya tak, a jakar da ke rataye a kafaɗar mai hawa kabu-kabu, yana hannun ɓarawo da zafin watan Afrilu. Wuraren turawar su ne irin su GitHub, da aka buɗe a 2008 kuma Microsoft ya saya a 2018 kan dala biliyan 7.5, da GitLab, da Bitbucket. Ga ƙungiyar mutum uku, matakin kyauta ya wadatar.

Na biyu shi ne wurin rubuta buƙatu da ƙorafe-ƙorafe. Nan ne sunan Jira ke fitowa, wanda kamfanin Atlassian na Ostireliya ya fitar a 2002, da Trello da kamfanin ya saya a 2017, da Azure DevOps na Microsoft, da allon ayyuka da ke cikin GitHub da GitLab su kansu. Duk tushensu ɗaya: kowane aiki a ba shi tikiti, da lamba, da mai shi, a ga ko yana jira, ko ana kansa, ko an gama. Dabarar allon ma ba daga kwamfuta ta samo asali ba, daga masana'antar motocin Toyota ta Japan ce, inda ake amfani da katuna a san abin da ake buƙata a kowane mataki.

A nan ne nake ganin matasanmu suna yin kuskure ta fuska biyu. Wasu suna cewa mu uku ne kawai, muna ganin juna kullum, me za mu yi da tikiti? Wasu kuma, da sun kalli darasi biyu a intanet, sai su buɗe Jira su cika shi da matakai goma sha biyu da ginshiƙai da launuka irin na kamfani mai ma'aikata dubu, bayan mako uku kowa ya gaji, a koma WhatsApp. Mutum goma sha bakwai da suka taru a Snowbird ta jihar Utah a Fabrairun 2001 suka fitar da sanarwar Agile kan yadda ya kamata a gina manhaja, abu na farko da suka sa a gaba shi ne mutane da mu'amalarsu sun fi tsari da kayan aiki muhimmanci. Abin mamaki, da sunan wannan sanarwa ake sayar da kayan aikin da suka fi kowanne nauyi a yau. Ƙungiyar mutum uku ginshiƙi uku ya ishe ta. Doka ɗaya ce ba a sassautawa: abin da ba a rubuta ba, ba a yi alkawarinsa ba. Alhaji mai makaranta ba zai shiga Jira ba, kuma rashin ladabi ne a ce masa sai ya shiga. Ya ci gaba da aiko saƙon muryarsa. Wanda ya saurara shi zai mayar da shi rubutu, ya buɗe tikiti, ya koma masa da cewa: "Ranka ya daɗe, ga abin da na fahimta, ga ranar da za a gama, ga kuɗinsa in akwai ƙari. Haka ne?" Rabin rigimar da ke tashi tsakanin masu manhaja da masu ba su aiki, a wannan ɗan saƙon take mutuwa.

Idan aka haɗa biyun, wato tikiti da tarihin canji, sai a samu abin da manyan kamfanoni ke biyan kuɗi mai yawa a kansa. Canji kaza an yi shi ne saboda tikiti mai lamba kaza, wanda shugaban makaranta ya nema ranar kaza. Bayan shekara biyu, sabon yaron da ya shigo aikin zai ga wani sharaɗi da bai gane kansa ba, ya yi niyyar gogewa, sai ya bi sawu ya tarar ashe na marayun nan ne. Mai son ganin yadda ake yin haka a babban aiki ba sai ya je ko'ina ba. DHIS2, manhajar da ake tattara alƙaluman asibitocin Najeriya da ita, har da na jihar Sakkwato, Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagorantar gina ta, ƙasashe sama da 70 na amfani da ita, rubutunta yana GitHub a buɗe, ƙorafe-ƙorafenta suna Jira. Ɗalibin da ya zauna ya bi tikiti ɗaya tun daga ƙorafi har zuwa gyara zai koyi abin da ba lallai ya samu a aji ba.

Sai duba aikin juna, kuma a nan al'adarmu ke shigowa. Tsarin yana da sauƙi: ba wanda zai haɗa canjinsa da babban aikin sai wani ya karanta ya amince. Kayan aikin ma ana iya saita su su ƙi karɓa sai da sa hannun na biyu. Amma idan wanda ya rubuta shi ne babba, shi ya koya wa sauran, shi ya sayi inbatar, yaya ƙaramin zai ce masa Yaya, nan akwai kuskure? Sai ya danna amincewa bai karanta ba, don kunya. Girmama na gaba abu ne mai kyau, ba na fatan mu rabu da shi, amma kwamfuta ba ta san wa ya girmi wa ba. Gyaran wannan yana hannun babban. Shi ne zai fara miƙa aikinsa, ya ce a duba mini, kuma ranar da ƙaramin ya kama masa kuskure ya gode masa a gaban kowa. Idan ya ɓata rai sau ɗaya, ya kashe tsarin, ko da kuwa maɓallin yana nan ana dannawa.

Haka nan idan ɓarna ta auku. Ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab, cikin dare kuma a gajiye, ya goge rumbun bayanai a sabar da ba ita ya yi niyya ba. Da aka juya ga ajiyar ko-ta-kwana, sai aka tarar hanyoyi biyar da suke taƙama da su babu wadda ke aiki yadda ya kamata. Wani kwafi da aka ɗauka kimanin awa shida kafin nan ne ya cece su, bayanan awa shidan kuwa suka tafi. Kamfanin bai ɓoye ba, ya wallafa abin da ya faru dalla-dalla, har aikin farfaɗowar aka nuna kai tsaye a YouTube, kuma tambayar da suka sa a gaba ita ce wane irin tsari ne ya bar mutum ɗaya ya iya yin wannan. A wurinmu da yawa abin da za a fara nema shi ne wanda za a kora. Inda ake kora, kowa ɓoye kuskurensa yake yi. Kuma ajiyar da ba a taɓa gwada dawo da ita ba, fata ce kawai. A gwada ta tun ana zaune lafiya, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ɗorawa kuwa, wadda ta kayar da JAMB da Knight Capital, ita ce aka fi sauƙin cirewa daga hannun mutum. GitHub Actions, ko tsarin da ke cikin GitLab, ko Jenkins, duk suna iya ɗaukar canjin da aka amince da shi, su gwada shi, su ɗora shi a kowace saba iri ɗaya, su bar shaidar abin da suka yi. Na'ura ba ta mantuwa da ta takwas. Amma ita ma tana yaɗa kuskure da saurin da take yaɗa gyara. Ranar 19 ga Yulin 2024 wani sabuntawa ɗaya daga kamfanin CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5 a duniya, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma takarda. Don haka a fara da aji ɗaya kafin makaranta gaba ɗaya, kuma kada a taɓa manhajar sakamako daren da iyaye za su fara dubawa.

Batun kuɗi gajere ne. Matakan biya na waɗannan kayan aiki da dala ake biyansu, kan kowane mutum kowane wata, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 lissafin ya canza. Jira kyauta ne har mutum goma. Ƙungiyar da ba ta kai nan ba, ba ta da dalilin biya.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne tsufa da mutuwa. Manhaja tana tsufa ko ba a taɓa ta ba, domin abin da take tsaye a kansa yana motsi. An daina kula da yaren rubuta manhaja na Python 2 daga 1 ga Janairun 2020. Microsoft ya janye tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025. A Disamban 2021 aka gano ɓaraka a wani ɗan ƙaramin ɓangare mai suna Log4j, kamfanoni a faɗin duniya suka kwana suna binciken ko yana cikin kayansu, da yawa ba su ma san suna amfani da shi ba. Wanda ke da jerin abubuwan da ya aro ya gina manhajarsa da su, cikin awa guda zai san matsayinsa. Kuma ranar da makaranta ta yanke shawarar canza manhaja, sunayen yara da hotunansu da lambobin iyayensu ba za a bar su a wata sabar da aka daina biya ba. Tun Yunin 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane, kuma nauyin yana kan wanda ya tattara su.

Mutane ma suna tafiya. Ɗan bautar ƙasa da ya fito daga sansanin Wamakko aka tura shi makaranta, ya ga ana fama da takardu, ya gina musu manhaja don Allah, ba ko sisi. Shekara ta cika ya koma garinsu. Kalmar sirrin sabar tana kansa, adireshin shafin da imel ɗinsa aka yi rajista, rubutun manhajar yana laftof ɗinsa. Bai yi da mugun nufi ba, babu dai wanda ya tambaye shi. Haka wanda ya samu aiki a Abuja, ko gurbin karatu a waje, ko wanda Allah ya yi wa rasuwa. Daga nan sai a kira wani sabon injiniya, ya duba ya ce wannan ba za ta gyaru ba, sai an sake daga farko, a sake biya. Sau da yawa ba ƙarya ya yi ba.

Shi ya sa magana ta ƙarshe a wannan babi ta mai ba da aiki ce, ko shugaban makaranta ne, ko mai asibiti, ko daraktan wata ma'aikata. Ba sai ka iya karanta rubutun manhaja ba. Kafin ka biya kashin ƙarshe, ka sa a buɗe ma'ajin aikin a GitHub ko GitLab da sunan makarantarka, kai ne mai shi, injiniyoyin kuma baƙin da ka gayyata. Adireshin shafin da hayar sabar su kasance da imel ɗin ofis. A ba ka takarda mai bayanin yadda ake ɗora manhajar da yadda ake dawo da ajiya, a gwada a gabanka sau ɗaya. A rubuta cikin yarjejeniya wa zai riƙa kula da ita bayan miƙawa, da nawa za a biya shi a shekara, kuma ka biya, don kulawar aiki ce. Injiniyan da ya san abin da yake yi zai yi murna da waɗannan sharuɗɗa. Wanda ya ƙi su, nemi wani.